Ƙorafi a Kan Mai Taga ta Uku

Karo na huɗu ke nan Sumayya tana shiga layin taga ta uku a ofishin kamfanin waya da ke Bukuru. Daga Nasarawa Gwom take zuwa, mota biyu, ko da yake akwai reshensu a cikin gari.

Da layi ya zo kanta, ma'aikaciyar, Zinachukwu, ta dubi hijabin, ta ɗauke kai.

"Na baya, matso."

Haka ta yi mata makon jiya, haka wancan makon. Tun rikicin 2001 masu hijabi sun saba da irin wannan kallo a wasu unguwannin Jos, sai su haɗiye su wuce. Amma yau Zinachukwu ta ƙara da wata magana da Ibo, ƙasa-ƙasa, abokiyar aikinta ta ƙyalƙyale da dariya. Sumayya ta dafa kanta, idanunta suka ciko.

A bencin ofishin ta rubuta takardar ƙorafi, shafi guda: a kori Zinachukwu, mai taga ta uku.

Manaja, Mista Pwajok, ya karanta sau biyu. Shekara biyu yana tuntuɓe da sunan yarinyar, ga shi wannan baiwar Allah ta rubuta shi ba kuskure.

"Madam, kin san fa ita ke riƙe da mamansu? Babansu ya rasu bara."

Sumayya ta ɗago a firgice. Ta ce, "A kira ta. Ta zauna nan, ta dube ni, ta yi mini magana ko da kalma ɗaya ce. In ta yi, na janye."

Aka kira ta. Zinachukwu ta shigo, ta ƙi zama. Manaja ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ajiye biro.

"Ki ba ta haƙuri, magana ta wuce. In kin ƙi, yau za ki bar aiki."

Hawaye na zuba a fuskar Sumayya, ba ta share ba.

"Zina," ta ce a hankali, "ba wanda ya gaya mini."

Zinachukwu ta cire katin aikin daga wuyanta, ta ɗora a tebur. Manajan ta kalla, ba Sumayya ba.

"Oga, ka gaya mata Papa ya mutu yana kiran sunanta. Amma mu a gidanmu, yayata Nkoli ta mutu tun ranar da ta sa wannan hijabin."