Gidan Mijina Ne

Uwar Biyu na cikin jera robobi a inda rufi ke yoyo ta ji an yi sallama. Ba ta amsa da wuri ba. Tun da faɗa ya koro su daga garinsu, suka faɗo wannan gida da masu shi suka gudu suka bari, kowace sallama sai ta ji gabanta ya faɗi.

Budurwa ce siririya, sanye da rigar ma'aikatan agaji, da igiyar awo a hannu. Ƙofar gidan na da taurin kai, sai an ɗaga ta kafin a tura, kuma baƙo kan sha fama da ita. Wannan kuwa ta ɗaga, ta tura, ta shigo abinta.

Ta ce an turo ta ne ta ga halin da mutane ke ciki: rufi, tabarma, bargo, tukunya, jarkar ruwa. Wanda gidansa ya lalace za a kawo masa kwano da katako kafin damina ta kankama.

Uwar Biyu ta yi murmushin dole. Ai ta riga ta ji sauran labarin a bakin maƙwabciyarta, Mai Kitso, wadda bakinta ba ya ajiye magana. Kayan gyara mai gida kaɗai ake ba. Wanda aka kama a gidan wani, sansani za a kwashe shi, a jefa shi cikin tanti. Ga surukarta kwance a kan siminti, tari ya cinye ta. Tsohuwar nan ba za ta ga ƙarshen damina a tanti ba, wannan kam ba ta ko shakka.

Don haka da budurwar ta tambaya ko wane ne mai gidan, Uwar Biyu ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Gidan mijina ne. Gadonsa ne."

Budurwar ta dube ta, ta ɗan jima, sannan ta ce to. Ta tambayi inda mijin yake. Nan kam gaskiya ta faɗa: ya koma neman ɗan'uwansa ranar da suka gudo, har yau shiru.

Suka shiga zagaya gida. Matakalar baranda akwai wadda ta fashe, har ɗaya cikin tagwayen Uwar Biyu ya taɓa fasa leɓe a kanta. Budurwar ta tsallake ta, idonta na kan rufi. A kicin ta ƙirga tukwane, ta ɗaga jarka ta ga gindinta a huje, sannan ta nuna wata kusurwa da ke bushe ƙarau, ta ce nan ma yana zuba in ruwa ya zo da iska. Haka ne kuwa. Ta kuma tambaya ko famfon da ke bayan gida yana kawo ruwa, famfon da ciyawa ta rufe, wanda su kansu sai da suka daɗe kafin su gano shi.

Nan zuciyar Uwar Biyu ta tsinke. An kai ƙararsu. Wani ne ya zauna ya zayyana wa yarinyar nan gidan ɗaki-ɗaki, kuma wa ke shigowa kullum aron wuta in ba Mai Kitso ba? Munafuka, ashe idonta na kan gidan! Tambayoyin nan duk tarko ne, so ake ta kama kanta da bakinta.

Ta ƙara ɗaure fuska. Tunda ta fara, sai ta kai ƙarshe. Bishiyar lemon da ke tsakar gida, mijinta ne ya dasa. Zane-zanen da aka yi da ƙusa a jikin bango, tsawon 'ya'yanta ne take aunawa. Budurwar ta tsaya gaban zanen, ta sa yatsa a kan na can sama, wanda ya wuce kan tagwayen nesa ba kusa ba. Uwar Biyu ta ji kamar ta nutse.

Saura ɗaki ɗaya, na ƙurya, mai ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Rufinsa ne kaɗai harsashi bai taɓa ba. Tun zuwansu yake a kulle, kuma sau nawa Mai Kitso ta ce ta samo guduma, ta ƙi. Ta sha gaya wa yaran cewa fakewa suka zo yi, ba sata ba.

Ta ce wa budurwar makullin yana wajen mijinta.

"Gidanku ne, ga tsohuwa a ƙasa cikin sanyi," in ji budurwar. "Me ya hana ki fasa?"

Ƙarya ta ƙare. Daga ciki tarin tsohuwar ya sake tashi, mai tsawo, kamar ba zai tsaya ba. Uwar Biyu ta sunkuyar da kai, tana jiran a ce su tattara nasu-ya-nasu.

Budurwar ta naɗe igiyar awonta a hankali. Ta ce za a kawo kwano da bargo da jarka sabuwa, kuma ita da kanta za ta shaida cewa da izinin mai gida suke zaune, babu wanda zai tashe su. Sannan ta sa hannu a wuyanta, ta ciro wani zare da ya yi baƙi don daɗewa, ta danƙa wa Uwar Biyu makullin da ke jikinsa.

"Sai kin ɗan ja kwaɗon ƙasa kafin ya buɗe," ta ce. "Gadon mahaifiyata na ciki, ki kwantar da Inna a kai."