Daɓen Misis Pillay

Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin injin ja ne wur, kamar an yanka akuya a kicin ɗin. Da farko Sithabile ba ta damu ba. Dauɗa ce, ta ce a ranta, ta ci gaba da tura injin a kan tubalan daɓen.

Yau ce ranar gwajinta. Mijinta Mehluli, direban motar wani kamfanin wanke gidaje, ya daɗe yana roƙon uwar ɗakinsa MaDlodlo ta ɗauki matarsa aikin wanke daɓe. Da safe da suka sauke ta a wannan tsohon gida na unguwar Hillside, MaDlodlo ta dire mata galan na maganin wanki, ta nuna mata inda ake kunna inji.

"Amarya, ki wanke har ki ga ƙasa, kar ki bar komai. Misis Pillay daga ƙasar waje ta dawo, gidan ubanta ne, kuma ba ta da wasa. In kika ɓata min aiki, ke da mijin naki ku koma unguwarku Makokoba ku zauna kuna kallon juna."

Mehluli ya yi dariyar dole. Akwai tambaya a bakin Sithabile, amma kunya ta danne ta. Mota ta wuce da su wani aikin, suka bar ta ita kaɗai.

Sai da ta kwashe ruwan da tsumma ta ga abin da ya faru. Duk inda injin ya bi, jan ya tafi. Tubalan sun koma rawaya, sun koɗe kamar fuskar mai jinya.

Ta durƙusa ta kankara da farce. Ta ɗauraye da ruwa mai kyau, ta jira ya bushe ko launin zai dawo. Da ya bushe sai ya ƙara haske. Ta juya galan ɗin, rubutun ƙanana ne, Turancin kuma ya fi ƙarfinta. Anya ba ta cika maganin ba? Ta tuna ba ta auna ba lokacin da take zubawa.

Rabi ja, rabi koɗaɗɗe, ya fi komai muni. Ta kunna injin ta ƙarasa, ko ya zama iri ɗaya. Bai zama ba. Wasu layuka biyu na tubali sun fito da duhu, sun zagaye ɗakin ta gefen bango. Nan ne maganin ya fi ƙonawa ke nan.

Tun tana yarinya ta san daɓen mutunci ja ne. Ranar Asabar uwarta kan tashe su su shafa jan man daɓe, su goge da burushi a ƙafa har mutum ya ga fuskarsa. Matar da daɓenta ya koɗe, unguwa ce ke yi da ita. Balle gidan masu hali, balle gidan uban wani.

Ta fita baya don ta sha iska. Ta saman shinge ta hango mai aikin maƙwabta, wata dattijuwa mai jiki, tana shanya.

"Mama, don Allah, ko za ki duba min wani abu?"

Matar ta zagayo, ta leƙa kicin, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo 'yar nan! Me kika zuba masa? Na san kicin ɗin nan tun 'yan haya na farko, ja ne kamar tumatir. Kin fige shi kamar kaza!"

"Za su kore mu, Mama. Har da mai gidana."

"To share hawaye, ba a goge daɓe da majina."

Ta koma ta dawo da babban gwangwanin jan mai a ƙarƙashin zanenta.

"Ki shafa da kauri, ki cusa har tsakanin tubalan. Busasshen tubali shan mai yake kamar mijina da giya. In ya sha, ba mai raba su. Kuma ba ki san ni ba, kin ji?"

Sithabile ta durƙusa. Ta fara daga lungun murhu, tana ja da baya, tubali bayan tubali. Gaskiyar matar, daɓen yana zuƙe man tun kafin ta ɗaga hannu. Ta sake bi. Duk motar da ta wuce a titi sai ta ɗago kai ta kasa kunne. Gwiwoyinta suka saluɓe, ba ta ji ba. Layukan nan masu duhu suka fi ba ta wahala, sai da ta kusa ƙarar da gwangwanin kafin su ɓace.

Ta sa burushi a ƙafa, ta yi ta gogewa kamar yadda uwarta ta koya mata. Rana ta karkata lokacin da ta ga inuwar fuskarta a ƙasa. Ta miƙa gwangwanin ta shinge, ta wanke hannu har farce.

Ƙarar mota a ƙofa.

MaDlodlo ce ta fara shigowa, tana surutu da fara'a. A bakin kicin ta yi turus. Mehluli na bayanta ɗauke da galan na wani man daɓe marar launi kamar ruwa. Ya dubi daɓen, ya dubi matarsa. Sithabile ta sunkuyar da kai, tana ɓoye murmushi. Ko a gidansu ba ta taɓa yin ja mai ƙyalli kamar wannan ba.

Misis Pillay ta zo a hankali, tsohuwa siririya tana dogara sanda. Ta tsaya, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Au, ba ku ma fara ba?" ta ce. "Jan man nan na 'yan haya fa na kira ku ku cire min, in sake ganin rawayen tubalan da babana ya shimfiɗa da hannunsa."