Hannun da Ya Daina Cewa Ya Isa

Tunda ka ce mini kowa na shan ƙwaya, kai ma ba ka son a bar ka a baya, bari in ba ka misalin wani ɗan dambe. Mahauci ne. Da hannun dama yake yankan nama da safe, da shi kuma yake naushi da yamma, shekara bakwai gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ran nan wani baƙo da ko suna bai yi ba ya kayar da shi tun a turmin farko, mai kalangu ya juya ya bi baƙon da kiɗa. Kumburin fuska ya sace cikin kwana uku, amma tsoro ya samu wurin zama. Ba naushi yake tsoro ba. Shirun nan da 'yan kallo suka yi yake tsoro, da yadda masu sayen nama suka koma yi masa sannu maimakon kirari. Ranar ramuwa sai ya haɗiye ƙwaya ɗaya, ya ce wa ransa ta yau kaɗai ce. Ya kuwa kayar da baƙon. Duk wanda ya ga wasan ya san ko ruwan randa ya sha zai kayar da shi, shi ne kawai bai sani ba, kuma ya toshe wa kansa hanyar sani. Daga ranar, in babu ƙwaya a cikinsa, sai ya ji hannun kamar na wani ne.

To, akwai yadda suke naɗa hannu kafin wasa. Kawunsa ne ke naɗa masa zaren, tsoho ya yi ta ja yana ɗaurewa har sai mai hannun ya ce ya isa, domin shi kaɗai ke jin inda zaren ya fara cizo. Da ƙwaya ta zama biyu, ta zama huɗu, sai ya daina cewa ya isa. Wata rana tsohon ya ja, ya tsaya, ya dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka ji ne?" Ya ce, "Ƙara ja, Kawu." Haka ya yi turmi uku, jini ba ya kaiwa yatsu, ƙashi ya karye cikin naɗin bai ji ba, filin na ta sowa. Ya ci wasan, in wannan ci ne. Da aka kwance zaren, yatsun sun yi baƙi. Yanzu yana zaune gefen teburin ƙanensa yana korar ƙuda da hannun hagu, na daman ba ya iya damƙe wuƙa. Abin da ke ba ni takaici, ƙarfin nan nasa ne tun farko, zuciya ce kawai ya tafi aro wajen ƙwaya. Hausawa kuwa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.