Mai Ɗinkin Hula da Harafin Tsakiya

Malam Sallau, ɗazu na ji kana cewa kalmomin Turancin nan duk 'yan gida ɗaya ne, wanda ya san ɗaya ya san sauran. Rufe littafin tukuna, in ba ka labarin wani da ya riga ka faɗin haka.

Mutumin nan mai ɗinkin hula ne, matarsa kuma maginiyar tukwane. Rumfa ɗaya suke zama a kasuwar garinsu, hulunansa a rataye daga sama, tukwanenta da kasake da 'yan kofunan yumɓu a jere a ƙasa. Sai da furfura ta fara fito masa sannan ya shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar, don ya gaji da miƙa wa mutane wayarsa su karanta masa saƙo. Kansa kuwa yana ja. Malamin ajin yakan jera kalmomi masu kama da juna a allo, ya ba da ma'anarsu: pan kasko, pen alƙalami, pin fil, cap hula, cup kofi. Kafin sauran su gama kwafa, shi ya haddace. Sai dai ya yanko wa kansa gajeriyar hanya: ya dubi harafin farko, ya dubi na ƙarshe, na tsakiya kuwa ya canka. In malamin ya yi masa magana, sai ya ce ai wanda ya ga kan akuya ya ga wutsiyarta ba sai an nuna masa cikinta ba.

Wata ranar kasuwa, wata mata mai shagon kayan gargajiya a birni ta tsaya a rumfarsu. Hausarta ba ta nuna ba, ta dai dudduba kaya, ta karɓi lambar wayarsa ta wuce. Bayan kwana uku sai ga saƙonta da Turanci: tana son guda ashirin na wani abu mai harafi uku, za ta zo ɗauka nan da wata biyu. Mai hula ya ga c a gaba, ya ga p a baya, sai farin ciki ya rufe shi. Saƙon farko ke nan da ya karanta da kansa, ga shi kuma ya zo da ciniki.

Matarsa ta ce, "Anya, Malam? Ni dai na ga kofunana matar nan ta yi ta juyawa a hannu."

Ya ce, "Ni ke zuwa aji ko ke?"

Ta koma kan yumɓunta. Shi kuwa ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, ya sayo yadi da zare masu kyau, ya rarraba aiki ga abokan ɗinkinsa na gindin ceɗiya. Wata biyu cur allura ba ta bar hannunsa ba, har yatsunsa suka yi kanta.

Ranar alkawari matar ta iso da mota, da kwalaye cike da ciyawa irin wadda ake shimfiɗa wa kayan da ke fashewa. Mai hula ya baje huluna ashirin a kan sabuwar tabarma. Ta ɗaga wannan ta yaba, ta ɗaga waccan ta yaba, sannan ta ce, "To, Baba, ina kofuna?" Da ta ga ya yi sakare da baki, sai ta karɓi wayarsa, ta buɗo saƙon, ta ɗora farcenta a ƙarƙashin harafin tsakiya. A ranar ya fara yi wa harafin kallon tsanaki: u ne, ga bakinsa nan a buɗe yana kallon sama. Ya tuna ragonsa, ya tuna abokan da ya sa aiki, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne cinikin da matarsa ba ta taɓa samun irinsa ba, ga shi zai suɓuce mata saboda gaggawarsa. Matar tasa kuwa ko kallon gori ba ta yi masa ba. Ta matso, ta nuna wa baƙuwar yatsu goma, ta ƙara huɗu. Baƙuwar, wadda dariya ta riga ta sa ta hawaye, ta yarda za ta dawo bayan mako biyu, har ta sayi hula biyu ta ce na yayyenta ne.

Mai hula ya soke allurarsa a jikin bango, ya naɗe wando, ya shiga taka yumɓu. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke ɗauko karan gasa kofunan a ka. In ya gifta ta gindin ceɗiya, abokansa su ce, "Bature, yau wane harafi ake takawa?" Ya yi dariya ya wuce. Hulunan nan kuwa ɗaiɗai suka riƙa fita a ranakun kasuwa, kafin Sallah har ya samu ya mayar da wani ɗan matsakaicin rago.

Ranar da aka kwashe kofunan daga wuta, kofi ɗaya ne kawai ya tsage, ita kuma da ma ta gina da rara. Mai hula ya ɗauki mai tsagin, ya hure tokar, ya kifa shi a tsakiyar kansa. Kofin ya zame, ya cafe shi a iska, ya dubi matarsa ya ce, "Gaskiyarki, wannan hular ba ta zauna ba." Ta yi dariya har ta dafa randa.

To, Malam Sallau, buɗe littafinka, ka ba kowane harafi haƙƙinsa. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.