Ciyawa a Reshen Giyayya

Har na kafa dirkar sabon zangonmu a bakin kogin Haɗeja, inda nake wanke yashi ina tace tama don maƙera, sai matata, 'yar masunta, ta dire tulu.

"Malam, ba zan kwana nan ba. Ɗaga kanka."

Busasshiyar ciyawa ce maƙale a reshen giyayya, inda hannuna ba ya kaiwa.

Na ce, "Sheƙar tsuntsu ce."

"Wane tsuntsu ke saƙa da ƙayar kifi?"

Na ja tsaki, muka koma tudu, fataken kanwa da ke sauka wurinmu suna ta mitar nisan ruwa.

Da damina ta cika, na dawo a kwalekwale. Na lalubi dirkar da gora, ban taɓo ta ba. Ciyawar kuwa, sai da na sunkuya na ciro ta. Na yi hamdala, na kai wa matata.