Takardar da Ta Shekara a Jikin Firji

Ga ta nan ga ta nanku, 'ya'yana. Ku ce ta zo, ni kuwa in sauke muku ita.

Tessa Lindqvist shekararta sha shida, tana sakandaren garinmu a jihar Iowa ta ƙasar Amurka, amma har ta fara ɗaukar darussan kwaleji guda uku. In ɗalibi ya ci su tun yanzu, ranar da ya shiga jami'a an rage masa hanya. Burinta ta zama likitar dabbobi, kuma ta san ba za ta taka jami'a ba sai da tallafin karatu. Kakarta Arlene kuwa tuni ta laƙaba mata Likita, duk wanda ta tare a ƙofar coci sai ya sha labari.

Ana shiga girbin masara mahaifin Tessa ya karye a ƙafa. Yarinya ta haye tarakta, ta kama jigilar masara zuwa rumbu. Darasin tarihi na kwaleji da yamma ake yin sa, daidai lokacin aiki, sai kawai ta daina zuwa.

"Tsohuwa, rubuto mini takardar uzuri mana," in ji Tessa ga kakarta.

"Ja'ira, tun kina firamare nake wanke ki a wurin malamai. Miƙo mini tabarau."

Tessa ta kai takardar wurin Malama Pruitt, mai ba ɗalibai shawara a sakandare. Malamar ta yi dariya, ta ce kwaleji ba ta san takardar kaka ba. Ta ba ta fom ɗin janyewa daga darasin, ta ce ta sa hannu ta kai ofishin kwalejin kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za a rubuta mata faɗuwa, kuma rubutun ba ya gogewa.

Tessa ta ce gobe. Ta manna fom a jikin firji da maganaɗisu. Kalandar masu sayar da iri ta hau kansa, hoton ɗan maraƙi ya hau kan kalanda. Masara ta shiga rumbu, ƙanƙara ta sauka, magana ta bi ruwa. Sakamako ya fito a shafinta na kwaleji a intanet, ita kuwa ba ta sake leƙa shafin ba.

Shekara ta zagayo, ta nemi jami'a. Amsa ta zo: an ɗauke ta, amma babu tallafi. Faɗuwar nan guda ɗaya ta ja makinta ƙasa da abin da ake nema. Tessa ta wuce garken shanu, ba ta fito ba sai da idanunta suka kumbura.

Washegari Arlene ta gasa kek ɗin tuffa, wanda bai taɓa ba ta kunya ba, ta nufi ofishin kwaleji. Magatakarda ya ci yanka biyu, ya goge baki.

"Mama, hannunki da albarka. Amma doka ta hana ni tattauna sakamakon ɗaliba da kowa sai ita. A nan babba ce."

"Babba? Wannan da har yau ni ke nemo mata safa?"

Ta ɗauke ragowar kek ɗinta ta dawo gida.

Tessa ta zauna shekara guda, ta maimaita tarihi, sannan ta samu wani tallafin da bai kai na farko ba. Ƙawayenta sun riga ta gamawa. Yau ita ke duba shanun garinmu. Mahaifinta ya warke, Arlene kuma ba ta ƙara barin takarda ta kwana a jikin firjinta ba.

'Ya'yana, duk wanda ya shiga karatun manya, to ya ɗauki dokar manya. Darasin da ba za ka iya ba, ka janye a rubuce kafin wa'adi ya cika. Ƙurunƙus, nan na ajiye ta.