Ranar da Kaina Ya Yi Amfani

Ran kasuwar Kibiya jaki ya karya ƙafar kyamarar Kawu Sale, babban akwatin nan mai baƙin mayafi. Ga tsohuwa daga Tarai tana jiran hoton fasfon Makka, gobe za a rufe karɓa, fim kuma saura ɗaya.

Kawu ya ɗora min akwatin bisa gammo, na riƙe da hannu biyu.

"Sarkin ƙiriniya, ko numfashi ka yi, ni da kai ne!"

Ƙuda ya sauka a hancina. Na daure, hawaye na zuba.

Hoto ya fito tar, har tsagen kumatunta.

Malaminmu ya sha cewa kaina dutse ne. Ban musa ba, a aji uku na tsaya. Amma dutsen nan ya kai mutum Makka.